Yadda ake auna hawan jini a gida, da abin da za a yi da lambobin

A gidaje da yawa akwai na'urar auna hawan jini a cikin durowa. An saye ta ranar da likita ya ja wa tsoho ko tsohuwar gidan kunne, aka yi kwana biyu ana ɗaurawa, daga nan aka manta da ita. Ba a sake waiwayarta sai ranar da wani ya ce kansa na sarawa. Sai a ɗaura ta a gaggauce a kan hannun riga, mutum yana kishingiɗe yana ba da labarin ciwon, lamba ta fito, hankalin 'yan gida ya tashi ko ya kwanta. Irin wannan awo bai gaya wa kowa komai ba, wani lokaci ma cutarwa yake yi, domin yana sa a ƙara magani inda bai kamata ba, ko a saki jiki inda ya kamata a tashi tsaye.

Abin da ya sa nake damuwa da wannan shi ne hawan jini ba ciwon da ake ji a jiki ba ne. Mutum zai iya shekara goma jininsa a sama yana ci yana sha yana zuwa wurin aiki, ba ciwon kai ba jiri, alhali a ciki ana ta yi wa zuciya da ƙoda da ido da ƙwaƙwalwa ɓarna. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa masu hawan jini sun ninka tsakanin 1990 da 2019, daga miliyan 650 zuwa biliyan 1.3. Kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma huɗu daga cikin biyar ba sa samun kulawar da ta ishe su. Tunda jiki ba zai faɗa maka ba, lambobi ne kaɗai shaidarka. Lamba ɗaya kuwa ba shaida ba ce. Abin dogaro shi ne awon mako guda da aka yi bisa ƙa'ida aka rubuta.

Mene ne lambobin nan biyu?

Idan na'ura ta nuna 128/82, lambar sama ƙarfin da jini ke tura bangon jijiya ne a daidai lokacin da zuciya ta matse ta harbo shi. Lambar ƙasa kuwa ƙarfin da ya rage ne a ɗan hutun da ke tsakanin bugu biyu. Lamba ta uku da ke fitowa a ƙasansu yawan bugun zuciya ne a minti ɗaya, wanda ga babban mutum da ke hutawa yakan kasance tsakanin 60 da 100. Haruffan mmHg da kake gani a gefe sun samo asali ne daga na'urorin da, masu ruwan makuri, wato zaiba, a cikin bututun gilashi. Wani likita ɗan Italiya mai suna Riva-Rocci ne ya fito da maɗaurin da ake hura wa iska a 1896, sannan a 1905 Korotkoff na Rasha ya gano yadda ake sauraren sautin jijiya a fitar da lambobin biyu.

Ka ɗauki jijiya kamar tiyon ban ruwa da aka bar wa famfo a buɗe da ƙarfi dare da rana. Ba ranar farko zai fashe ba, amma a hankali zai yi tauri, ya tsage a inda ya fi rauni. A jikin mutum wuraren raunin su ne ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, da na ƙoda, da na bayan ido, ita kuma zuciya tana ƙara kauri saboda wahalar turawa har ta gaji.

A asibiti, yawancin ƙasashe da Hukumar Lafiya ta Duniya suna kiran abin hawan jini idan ya kai 140/90 a ranaku biyu daban-daban. A gida ma'aunin ya ɗan sauka zuwa 135/85, saboda mutum ya fi sakewa a ɗakinsa. A Amurka tun 2017 sun sauko da iyakar zuwa 130/80. Kada wannan bambanci ya rikita ka. Ka tambayi likitanku lambar da yake so mara lafiyarku ya tsaya a kai, ka rubuta ta a shafin farko na littafin awo, domin abin da ya dace da ɗan shekara 50 mai ciwon suga ba lalle ya dace da ɗan shekara 85 mai yawan jiri ba.

Mataki na farko: na'urar da maɗaurinta

Ka nemi na'ura mai aiki da batir wadda ake ɗaurawa a damtse. Ta wuyan hannu tana da saurin kuskure, domin da zarar hannun ya ɗan sauka ko ya hau sama da daidai zuciya lambar ta canza. Ta yatsa kuwa ka rabu da ita. Akwai shafukan intanet irin su STRIDE BP da ke jera na'urorin da aka gwada aka tabbatar da ingancinsu, kuma duba sunan na'ura a can kafin saye bai fi aikin minti biyu ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne girman maɗaurin, kuma ba kasafai mai sayarwa ke tuna maka ba. Ka ɗauki tef irin na tela ka zagaya damtsen mutum a tsakiya, wato rabin tazarar da ke tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Maɗaurin da ke zuwa da yawancin na'urori an yi shi ne don damtse mai santimita 22 zuwa 32. Idan na mutum ya wuce haka, sai babba, mai kai wa 42. Maɗaurin da ya yi ƙanƙanta yana ƙara lamba, har a ɗora wa mai lafiya magani. Wanda ya yi girma, kamar a hannun tsohuwar da ta rame, yana rage lamba ya ɓoye ciwon. Girman a rubuce yake a jikin maɗaurin, ka duba.

Kafin ka amince da sabuwar na'ura, ka tafi da ita asibiti a gwada ta da tasu a hannu ɗaya. Ka maimaita haka kamar sau ɗaya a shekara, ko bayan ta faɗi ƙasa.

Mataki na biyu: shirin zama

Rabin sa'a kafin awo, ba taba, ba kofi ko shayi mai ƙarfi, ba motsa jiki, ba cin abinci mai nauyi. Mutum ya fara zagayawa ya yi fitsari, domin cikakkiyar mafitsara kaɗai tana iya ɗaga lambar sama da kusan 10.

Sai a zauna a kujera mai jingina, kusa da tebur. Baya a jingine, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ba a harɗe ƙafa. A yi minti biyar cur a haka, ba waya a hannu, ba hira, ba kallon labarai. Na san minti biyar na yin tsawo ga wanda bai saba zama shiru ba, kuma wannan matakin ne kowa ke tsallakewa, amma shi ne ya raba awon gaskiya da na banza. Ka duba agogo, kada ka yi kintace.

Da tsofaffi sai an bi da lalama. Da yawansu suna ganin ɗaura musu na'ura kullum kamar ana cewa sun gaza ne. Za ka ji an ce, "Ni lafiyata ƙalau, me za a auna?" Kada ka shiga musu a wannan lokacin, domin ɓacin rai ma yana ɗaga jini. Ya isa ka ce, "Haka ne Baba, lafiya lau. Likita ne ya ce a riƙa rubuta masa, a ɗan zauna mu cika masa littafinsa." In ka zauna a gefensa kai ma ka yi shiru, daga baya ka miƙa naka hannun ya ga an auna ka, abin zai daina zama hukunci.

Mataki na uku: ɗaurawa

A kan fata ake ɗaurawa. Idan hannun rigar zai matse damtse in an naɗe shi sama, gara a zare hannun gaba ɗaya. Ka zura maɗaurin har bakinsa na ƙasa ya tsaya kamar faɗin yatsu biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu, robar iskar kuma ta sauko ta tsakiyar cikin hannu, ta gefen tafi. Ka ja shi ya kama, amma yatsu biyu su iya shiga ƙarƙashinsa.

Hannun ya kwanta a kan tebur, tafi yana kallon sama, tsakiyar maɗaurin yana daidai da tsakiyar ƙirji. In teburin ya yi ƙasa, a sa matashi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Johns Hopkins aka wallafa a 2024 ya gano cewa ɗora hannu a cinya yana ƙara wa lambar sama kusan 4, barinsa yana reto a gefe kuma yana ƙara fiye da 6. Ka haɗa wannan da harɗe ƙafa da magana, sai ka ga mai 128 ya koma 145 ba tare da komai ya same shi ba.

Yanzu ka danna maɓallin. Maɗaurin zai cika da iska ya matse sosai, har wasu su yamutsa fuska, sannan ya riƙa saki a hankali. A nan ne mutane ke son cewa "kai, yana matsewa", ko su ɗaga kai su leƙa lambar. Ka gaya musu tun farko cewa matsin na 'yan daƙiƙu ne, kuma ba magana ba motsi sai iskar ta fita duka. Ka rubuta lambar yadda ta fito, ba ragi ba ƙari. 137 ba 140 ba ce, ba kuma 135 ba. Ka jira minti ɗaya, ka sake. Na biyun yakan sauka ƙasa da na farko, kuma duka biyun ake rubutawa.

A ranar farko ka auna hannu biyu. Ɗan bambanci ba komai ba ne. Hannun da ya fi nuna lamba mai yawa shi za a riƙa aunawa daga nan gaba. Idan bambancin ya wuce 15 kuma ya ci gaba da fitowa haka, ka sanar da likita. Ba a ɗaurawa a hannun da aka yi wa aikin haɗa jijiya don wankin ƙoda, kuma wadda aka yi wa tiyatar mama ta tambayi likitarta wane hannu ya dace.

Mataki na huɗu: mako guda da littafi

Sau biyu da safe, sau biyu da yamma, kwana bakwai a jere. Na safe a yi shi bayan tashi da zagayawa, kafin karin kumallo, kafin shan magani. Na yamma kafin cin abincin dare ko kafin kwanciya, a lokaci ɗaya kullum. A kowane layi ka sa kwanan wata, da lokaci, da lambobin uku, da ɗan bayani in akwai: bai yi barci ba, ta sha maganin mura, an yi baƙi an yi hayaniya.

Idan mako ya cika, ka ajiye na ranar farko gefe, domin ranar mutum bai saba ba tukuna. Sauran kwana shida sun ba ka awo 24. Ka tara duk lambobin sama ka raba da 24, ka yi haka da na ƙasa. Misali, idan na sama sun taru sun ba da 3,312, na ƙasa kuma 2,016, matsakaicin ya zama 138/84. Lambar ƙasa ba laifi, amma ta sama ta haura 135, kuma ɗaya daga cikin biyun ta isa a kai wa likita magana.

Wannan littafi yana warware matsaloli biyu da asibiti kaɗai ba ya iya ganowa. Akwai wanda da ya ga likita jininsa sai ya hau, a gida kuwa lafiya lau. Akwai kuma akasinsa, wanda ya fi haɗari: a asibiti lamba mai kyau, a gida kuwa kullum a sama. Na farko littafin zai iya tsare shi daga maganin da ba ya buƙata, na biyu kuma ya sa a kama ciwonsa da wuri.

Wani abu kuma da nake so a kiyaye: kada awo ya zama jaraba. Akwai masu ɗaurawa sau goma a wuni, kowace lamba ta tsorata su, tsoron ya ƙara ta gaba. Jini yana hawa yana sauka cikin yini, haka aka halicce shi. Mako guda kafin ganin likita, mako guda bayan an canza magani, in kuma abubuwa sun daidaita to sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar.

Idan na'urar tana yawan nuna alamar bugun zuciya mara tsari, ko tana ƙin ba da lamba, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannun mutum ka ji bugun na minti ɗaya. In yana tsalle-tsalle ba tsari, a je a yi gwajin zuciya. Irin wannan bugun yana yawaita da tsufa, yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma akwai maganinsa.

Ranar da lamba ta yi sama sosai

Idan ka ga 180/120, ko ɗaya daga cikinsu ta kai nan, ka fara da duban mutumin kafin na'urar. In ba ya jin komai, a zauna shiru minti biyar a sake aunawa. In lambar tana nan, a nemi likita a ranar, kada a bari ya kwana. Amma kada ka ninka masa magani da kanka, kada ka karɓo na maƙwabci, kada a sa masa ƙwaya a ƙarƙashin harshe don jinin ya faɗo nan take. Saukar da jini farat ɗaya yana iya hana ƙwaƙwalwa jinin da take buƙata, ya jawo abin da ake gudu.

In kuwa akwai ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, ko gani ya dushe, ko ciwon kai mai tsanani da ya zo kwatsam, ko rikicewar tunani, to babu jira, sai sashen gaggawa. Alamomin shanyewar ɓarin jiki kowa a gida ya haddace su, har da yara masu wayo. Ka ce ya yi murmushi, ka ga ko baki ya karkace. Ka ce ya ɗaga hannu biyu, ka ga ko ɗaya na saukowa. Ka ce ya maimaita gajeriyar magana, ka ji ko harshe ya yi nauyi. Ko ɗaya daga ciki ya isa, ko da lambar na'ura ba ta da yawa. Ka duba agogo ka riƙe lokacin da abin ya fara, domin allurar narkar da gudan jini ana yin ta ne galibi cikin sa'a huɗu da rabi na farko. Kada a ba shi ruwa ko abinci, zai iya shaƙewa. Kada a ba shi asfirin, domin sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa ake sanin toshewa ce ko fashewa. Ko alamun sun wuce bayan minti goma ya ce ya warware, a tafi asibiti, sau da yawa gargaɗi ne na babba da ke tafe.

Mai juna biyu lissafinta daban. 140/90 ya isa ta tuntuɓi ungozoma ko likita a ranar, musamman bayan mako na 20. 160/110 kuwa gaggawa ce, haka nan ciwon kai mai tsanani, ko ganin walƙiya a ido, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko kumburin fuska da hannuwa. Waɗannan su ne ke gabatar jijjiga, kuma haɗarin bai ƙare da haihuwa ba, yana iya bayyana a makonnin da ke biye.

Tsofaffi da jiri

Ga dattawa, saukar jini ma matsala ce, kuma ba a cika kula da ita ba. Idan Mama tana cewa idonta na yin duhu in ta miƙe, ko ta taɓa faɗuwa, ka yi wannan gwajin. Ta kwanta minti biyar ka auna. Ta miƙe tsaye kana riƙe da ita, ka auna bayan minti ɗaya, ka sake bayan minti uku. Idan lambar sama ta faɗi da 20, ko ta ƙasa da 10, ka kai wa likita wannan sakamakon, wataƙila maganin ya yi mata yawa. Karayar ƙugu a tsufa ba ta da sauƙi ko kaɗan. Kafin a ga likita, ta riƙa zama a bakin gado na ɗan lokaci tana motsa ƙafafu kafin ta tashi, musamman da dare, kuma a bar mata fitila a hanyar bayan gida.

Magani

A nan ne nake ganin an fi yin asara. Mutum ya sha magani wata biyu, lamba ta yi kyau, sai ya ce ya warke ya ajiye. Lambar ta yi kyau ne saboda maganin yana aiki. Ga mafi yawan mutane hawan jini ba a warkewa, riƙe shi ake yi, kuma in an saki zai koma inda yake ba tare da ya yi sallama ba. A da likitoci ba su da abin yi sosai. Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rasu a watan Afrilun 1945 sakamakon fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa, bayan shekaru jininsa yana hawa a gaban idon likitocinsa. Magungunan da bai samu ba yau suna ko'ina, kuma abin takaici ne a ce suna cikin durowa ba a sha.

Yawancin masu dainawa suna da dalili, sai dai ba sa faɗa. Amlodipine yakan kumbura idon sawu. Lisinopril da danginsa suna sa wasu busasshen tari mai naci. Masu sa fitsari irin su hydrochlorothiazide suna hana barci in an sha su da dare, shi ya sa aka fi son shan su da safe. Wasu maza kuma suna ganin rauni a shimfiɗa, kunya ta hana su magana, su ajiye ƙwayar a ɓoye. Duk waɗannan ana iya canza magani a kansu, domin iri-iri ne. Ka tambayi iyayenka a keɓe, cikin girmamawa, ko akwai abin da maganin ke sa musu. In batun ya fi ƙarfin a faɗa wa ɗa, ka fita ka bar su da likita su kaɗai.

In an manta an tsallake, a sha da an tuna, sai dai in lokacin na gaba ya kusa, to a bar wancan ya wuce. Ba a haɗa biyu. Akwatin ƙwayoyi mai gidaje bakwai yana taimakawa ƙwarai, domin kallo ɗaya zai nuna maka ko an sha na yau. Idan amai da gudawa suka kama mai shan maganin sa fitsari, ko lisinopril, ko losartan, a kira likita, domin jiki in ya bushe waɗannan na iya taɓa ƙoda, kuma wani lokaci akan dakatar da su na ɗan kwanaki. Mace mai shan lisinopril ko losartan da ke shirin ɗaukar ciki ta faɗa tun kafin, ba a shan su da juna biyu.

Ka kuma duba sauran abubuwan da ake sha. Ibuprofen da diclofenac, waɗanda tsofaffi ke yawan sha don ciwon gwiwa da baya, suna ɗaga jini kuma suna rage ƙarfin maganinsa. Haka wasu magungunan mura masu buɗe hanci, da magungunan sitiroyid, da wasu ƙwayoyin tsarin iyali. Ranar zuwa asibiti ka zuba komai a leda ɗaya, har da na ganye da na ƙarin kuzari, ka ajiye a gaban likita tare da littafin.

Gishiri da sauransu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye a cikin abinci. Matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya ninka haka. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a wajen gishiri hannun mai girki yakan zarce, don haka a koma aunawa da cokali. Mai yawa kuma ba daga hannu yake zuwa ba, yana cikin sinadaran ɗanɗano, da abincin gwangwani, da naman da aka sarrafa, da burodi, da kayan ƙwalama na leda. A jikin kwali za ka ga an rubuta sodiyam. Ka ninka shi sau biyu da rabi, shi ne gishirin.

Shawarata ita ce a rage wa tukunyar gida gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan, maimakon a ware wa tsoho nasa lami shi kaɗai yana kallon na kowa. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, yara kuma su tashi da bakin da bai saba da gishiri mai yawa ba. Akwai gishirin da aka maye wani ɓangarensa da fotasiyam. Wani babban gwaji a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, da mutum kusan 21,000, ya nuna a 2021 cewa ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin 100. Sai dai mai ciwon ƙoda, da mai shan lisinopril ko losartan ko spironolactone, kada ya fara sai ya tambayi likita, domin fotasiyam in ya taru a jini yana taɓa zuciya.

Sauran an san su. Tafiya da ɗan sauri minti 30 sau biyar a mako ta cika minti 150 da ake so, kuma ana iya raba ta goma-goma. Ganye da 'ya'yan itatuwa su yawaita. Mai ƙiba in ya rage kilo ɗaya lambar sama takan sauka da kusan 1. Taba a bar ta, giya ma haka. Wanda ke minshari mai ƙarfi har numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, ya tashi a gajiye, a faɗa wa likita, domin wannan na cikin dalilan da ke sa jini ya ƙi sauka duk da magani.

Tunda na'urar tana gida, kada ta tsaya a kan mutum ɗaya. Hawan jini yana bin dangi, kuma yana kama 'yan shekara talatin ba tare da sanarwa ba. Duk babban da ke gidan ya auna aƙalla sau ɗaya a shekara, bisa ƙa'idar nan ta zama da hutun minti biyar. Wanda lambarsa ta kai 135/85 ya yi nasa awon na mako guda a nasa shafin. Yara kuwa a bar wa asibiti, domin maɗaurinsu daban ne, kuma lambobinsu ana fassara su ne gwargwadon shekaru da tsawo.